Kujerar Baƙi a Shagon Kaka

Duk jikan da ya taka shagon Kaka, da sunan da iyayensa suka ba shi yake shiga, amma ba da shi yake fita ba. Tsohuwar tela ce, ta tsufa tana taka keke a wani ɗan shago mai ƙofa ɗaya a bakin titi, tsakanin mai gyaran takalma da mai sayar da kayan wuta. Idan an tashi daga makaranta nan jikokinta suke taruwa har iyayensu su dawo daga aiki, su baje a ƙasa cikin ƙyallaye da guntayen zare, ita kuma tana ɗinki tana zazzaga musu masifar da babu wanda yake tsoronta.

Babban cikinsu shi ne Maigida. Tun yana zanen goyo ta ce ta yi miji, kuma har ya shiga sakandare ba ta daina ƙorafin cewa ta auri matalauci ba, mutumin da bai taɓa kawo mata ko ƙwayar gishiri ba sai dai ya zo ya cinye mata burodi. Shi kuma Uwargida yake ce mata, yana yi mata alkawarin ranar da ya samu aiki zai mayar da ita gidan iyayenta ya huta da mita. Ƙanensa Ɓera ne, saboda babu yadda za a ɓoye gwangwanin maɓallai bai gano shi ba, kuma shi Mage yake kiranta. Ƙaramarsu Tulu, mai ƙaton ciki da gajerun ƙafafu, bakinta bai gama buɗewa ba, don haka gwalo kawai take yi wa Kaka idan an kira ta.

Kaka tana ji da wannan baiwa tata, ba ta kuma ɓoyewa. Ta kan ce ita ba ta raɗa suna da gaggawa, sai ta zauna da yaro ta karance shi, sannan ta auna masa wanda zai shige shi daidai. Mai gyaran takalma, wanda jikokinsa duk "kai" da "ke" ne a bakinsa, ya sha gaya mata ɓata yara take yi, wai yaron da ya saba ce wa kakarsa Mage wata rana malaminsa zai ce wa kare. Ita kuwa ta kan leƙo ta ce masa ya ji da ƙusoshinsa, ai shi ya sa nasa jikokin ba sa zuwa inda yake sai an aiko su.

Ana nan sai Auta, ɗanta na ƙarshe mai gyaran firji, ya yi aure. Matar da ya aura tana aiki a wani babban kantin magani, mijinta na fari ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya wadda ba ta kai shekara goma ba. Kaka ta yi na'am da surukar tata tun ganin farko. Mace ce mai tsabta, mai magana ɗaya, ba ta da rawar kai. Saboda haka ranar da ta fara kawo yarinyar shago, Kaka ta share wuri, ta sayo lemo, ta gargaɗi sauran su yi kamar mutane.

Ba su yi ba. Kafin baƙi su gama gaisawa Ɓera ya haye teburin yanka.

"Ɓera, sauko kafin in yanke maka wannan kunnen in yi aljihu da shi," in ji Kaka. "Ke kuma Tulu, matsa daga hanya, kada a yi tuntuɓe da ke ki fashe."

Yarinyar ta rufe baki da hannu tana dariya, amma fuskar uwarta ta canza. Ta jira har yaran suka fita sayo burodi, sannan ta matso kusa da keken, ta rusuna.

"Mama, ina da roƙo guda, ki yi haƙuri da ni. Don Allah yarinyar nan a riƙa kiranta da sunanta."

Kaka ta ɗago ta dube ta ta saman tabarau. "Da sunanta."

"Eh, Mama. Ba na so a sa mata wani."

Maganar ta soki Kaka. A kunnenta kamar an ce mata bakinta yana da datti ne, a kawar da yaro daga kusa da shi. Da wata ce da sai ta yi faɗa a wuce wurin, amma Kaka irin mutanen nan ne da idan ransu ya ɓaci sai su ƙara ladabi. Ta yi murmushi ta ce, "To, an gama, 'yar nan." A ranta kuwa cewa ta yi tunda suna ake so, za a ji shi har a gaji.

Auta ya zo da yamma ɗaukar musu ɗinki, ya ga yadda uwarsa take taka keke kamar da shi suke faɗa, ya gane an taɓa ta.

"Mama, ba da wata manufa ta faɗa ba. Ki bar ta, in ta saba da gidan da kanta za ta manta."

"Ita ta manta. Ni na ce an gama, kuma an gama."

"Ai ni ban ga abin tashin hankali ba. Suna ne kawai, ko wanne aka kira yaro zai amsa."

"Kai rufe mini baki. Gemunka ya fara fari, har yau wa ya san sunanka a layin nan?"

Daga ranar yarinyar ta zama 'yar gata a shagon, irin gatan da ake yi wa baƙo. Akwai kujera ɗaya mai matashi da ake ajiye wa masu kawo ɗinki, nan Kaka take zaunar da ita ta yi aikin makaranta, sauran suna birgima a ƙasa. Idan an yanka burodi nata ake fara cirewa, a sa mata a faranti, su kuwa a miƙa musu a hannu ana ce musu mayunwata. Kuma duk lokacin da Kaka za ta yi mata magana sai ta kira sunan nan nata na yanka cikakke, ba ta gutsure ko harafi ɗaya, a hankali, kamar malami yana kiran rajista.

Abin da Kaka ba ta shirya masa ba shi ne yarinyar za ta shiga ranta. Yarinya ce mai shiru, amma idonta ba ya barin komai ya wuce. Ba a sa ta ba ta jera zaruruwan shagon launi-launi. Ta gane Kaka tana fama da ramin allura idan rana ta yi sanyi, sai ta riƙa zura mata zare a allurai ta soke su a jikin matashi, ba tare da ta ce uffan ba. Sunaye suka riƙa zuwa wa Kaka har bakin leɓe, masu daɗi, waɗanda ta san da ta saki ɗaya shagon zai kwashe da dariya. Sai ta haɗiye, ta kira sunan rajista, ta ce an gode. Ta sha kwana da ɗacin abin, amma ta riga ta ce an gama.

Wata rana da la'asar yarinyar ta sauko daga kujerar, ta je gaban keken, ta buɗe gwangwanin maɓallai. Ba a ɓoye ta yi ba. Ta tsaya daidai inda Kaka za ta gan ta, ta ɗebi cike da hannu, ta zuba a aljihun rigar makaranta, sannan ta tsaya tana jira. Ɓera ya saki baki, don shi ko guda ɗaya ya ɗauka sai an yi masa tone-tone har kan kakansa na wajen uwa.

Kaka ta ga komai. Ta kira sunan yarinyar ta ce, "Ɗebi abinki, ai naki ne."

Yarinyar ta mayar da maɓallan ɗaya bayan ɗaya ta koma kujerarta.

Bayan 'yan kwanaki ta yi wanda ya fi wannan. Kaka ta shiga bayan shago duba dutsen guga, ta fito ta tarar da tef ɗin awonta a kan tebur an raba shi biyu, almakashi kuma yana hannun yarinyar. Tsohon tef ne, lambobinsa na farko sun goge saboda riƙo, da shi ta auna rigar makarantar Auta. Maigida ya ja Tulu gefe, don ya san yau akwai ruwan masifa. Bakin Kaka ya buɗe da kansa, maganar ta taho da gudu. Ta danne ta da ƙyar, har sai da ta yi tari.

"Ba komai," ta ce, ta haɗa da sunan. "Akwai wani a durowa."

Idanun yarinyar suka ciko. Ta ajiye almakashin a hankali.

"Kaka, da Ɓera ne ya yanka, me za ki ce masa?"

"Shi ai ɓera ne, aikinsa ke nan."

"Ni kuma fa?"

Kaka ta gyara tabarau, ta kalli tef ɗin, ta ce, "Ke ai yarinyar kirki ce."

Yarinyar ta tattara littattafanta ta sa a jaka, ta zauna da jakar a cinya har Auta ya zo ya tafi da ita.

Washegari ba ta zo ba, haka jibi. Kaka ta yi kamar ba ta lura ba, sai dai ta hana kowa hawa kujerar, kuma faɗanta ya daina daɗi, har Ɓera ya fara jin tsoro da gaske. Da mako ya zagayo ta kasa daurewa, ta tambayi Maigida a kaikaice, wai ko 'yar'uwarsu ba ta da lafiya ne.

"Lafiyarta ƙalau. Ta ce daga yanzu kantin mamanta za ta riƙa zuwa."

"Kantin magani wurin zaman yaro ne?"

Maigida ya sosa ƙeya. Ya manta da Uwargida, ya ce, "Kaka, cewa ta yi nan shagon na jikoki ne."

Kaka ta ci gaba da taka keke, amma ba ta ganin inda allura take bi. Ta san yarinyar ba ta yi ƙarya ba. Ita da hannunta ta zaunar da ita a kujerar baƙi, ta ba ta burodi a faranti, don kawai ta nuna wa uwarta cewa ita mai cika magana ce. Ta kuma san idan aka ƙara wata guda a haka yarinyar ta tafi ke nan, sai dai a haɗu a gidan Auta ta rusuna ta gaishe ta kamar maƙwabciya. Karya maganarta a bayan idon surukar kuwa ba ta cikin abin da za ta iya. Hanya ɗaya ta rage, kuma ita ce wadda Kaka ta fi ƙi: ta taka da ƙafarta ta je ta roƙi surukar, yarinyar da ta haifi kamarta.

Da hantsi ta rufe shago, abin da ba ta yi sai rasuwa. Ta sa rigarta mafi kyau, wadda ta yi wa kanta aiki a wuya, don idan za a yi roƙo gara a yi shi a tsaye da kyau. Mai gyaran takalma ya ɗago ya tambaye ta wa ya mutu, ta ce masa tukuna dai, amma in ya ci gaba da tambaya za a samu.

Kantin maganin dogo ne mai sanyi, kwalaye jere har rufi, ga warin nan na asibiti. Surukar tana bayan kantar sayar da magani cikin farar riga, tana karanta takardar wani dattijo tana yi masa bayanin na safe da na dare. Kaka ba ta yi sallama ta wuce gaba ba, layi ta bi kamar kowa. Tana tsaye tana kallon yadda matar ɗanta take aiki, ba gaggawa ba wasa, ta ji a ranta cewa Auta dai ya iya zaɓe, ko da yake ba za ta gaya masa ba.

Da layi ya zo kanta surukar ta ɗago, ta zabura.

"Mama, lafiya? Me ya sa ba ki aiko ba? Ƙafar ce?"

"Ƙafata ƙalau, ita ta kawo ni. Magana na zo mu yi."

Surukar ta bar wa abokiyar aikinta kantar, ta shigar da ita wani ɗan ɗaki a baya inda ake ajiye katan-katan, ta goge mata kujera. A kusurwar ɗakin Kaka ta hango wani ɗan tebur da fensir a kai, ta gane nan yarinyar take zama ita kaɗai har a tashi.

"Na zo ki sake ni," in ji Kaka. "Kin ɗaure mini baki, na kuma ɗauru. Yanzu yarinya ta gudu daga wurina."

Surukar ta sunkuyar da kai. "Na sani, Mama. Ta ƙi gaya mini dalili, amma na sani."

"To tunda kin sani?"

Surukar ta murza gefen farar rigarta. Sannan ta ce, "Mama, kin taɓa lura da tafiyata?"

"Na lura kina ɗan jan ƙafar hagu. Tela ce ni."

"A hannun gwaggona na tashi. Tun ina ƙarama ta sa mini Agwagwa. Idan ta faɗa kowa sai ya yi dariya, ni ma in yi, don an ce mini so ne. Ya bi ni makaranta. Ya bi ni gidan aurena na fari. Har yau akwai waɗanda in sun shigo kantin nan, ina cikin wannan rigar, da shi suke kirana a gaban mutane. Na fi shekara ashirin ina koyon tafiya a gaban madubi." Ta ɗago. "Ita ma gwaggon cewa take yi wasa ne, Mama. Shi ya sa ranar da na ji Ɓera da Tulu gabana ya faɗi. Yarinyar nan ba ta da uba, ban so a ƙara mata wani kayan ba."

Kaka ta ji nauyin maganar. Ta zo da shirin gardama, ta tarar babu wurin yin ta. Sai ta yi tambaya.

"Ke me kike ce wa gwaggon taki?"

"Gwaggo."

"Shi ke nan? Ba ki taɓa rama ba?"

"In rama? Ai da na sha duka."

"To ba wasa ta yi da ke ba, 'yar nan, ita kaɗai ta yi wasanta. Nawa duk suna ramawa. Ɓera Mage yake ce mini a gaban masu kawo ɗinki. Wancan matalaucin kullum sai ya kore ni gidan ubana. Kuma ni ban taɓa raɗa wa yaro suna da abin da Allah ya yi masa wanda yake jin kunyarsa ba. Tulu ki tambaye ta, tana taƙama da cikin nan."

"Tulu ba ta girma ba tukuna," in ji surukar, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Kuma Mama, ke babba ce. Naki zai zauna a kan yaro, nasu iska ce take kwashewa. Wa yake ce miki Mage in ba shi ba?"

Kaka ta so ta ji haushi, sai ta ga gaskiya ce. Ta gyara zama, ta miƙe wuya.

"To ji nan. Duk abin da yarinyar nan ta kira ni zan amsa. A gaban kowa, har in mutu."

"Ko mene ne?"

"Ko mene ne."

Surukar ta gyaɗa kai. "Zan kawo ta ranar Asabar. Amma zan zauna, Mama. In na ga fuskarta ta canza za mu tafi, kuma ki yafe mini, ba zan ƙara kawo ta ba."

"Na ji," in ji Kaka. Ta tashi, ta ƙi karɓar maganin ƙafar da aka so a ba ta, ta fita.

Ranar Asabar shagon ya cika. Maigida da Ɓera da Tulu suna ƙasa, sun ji a jikinsu akwai wani abu, sun yi tsit irin wanda ba su saba ba. Surukar ta shigo da yarinyar, suka gaisa, ta zauna a kujerar baƙi ta ɗora jaka a cinya. Yarinyar ta waiga ta ga an zauna mata a wuri, ba ta kuma san ko an yarda ta zauna a ƙasa ba, sai ta tsaya a gefen keken ta harɗe hannuwa.

Nan Kaka ta gamu da abin da bai taɓa samunta ba. An sake mata baki, sai bakin ya bushe. Duk sunayen nan da ta yi wata da watanni tana haɗiyewa suka gudu, wanda ya leƙo kuma sai ta auna shi da fuskar matar da ke kan kujera ta ga bai yi ba. Wannan zai yi zafi, wancan ya yi sanyi kamar na baƙo. Don ta samu abin yi ta jawo rigar wani ma'aikacin banki da take haɗawa, ta ɗora hannun rigar a kafaɗa, ta hau taka keke da ƙarfi. Babu abin da ake ji a shagon sai ƙarar keken.

Ta gama, ta yanke zare, ta ɗaga rigar ta karkaɗe ta.

"Kaka," in ji yarinyar, muryarta a daƙile. "Hannun nan a baibai yake."

"Wane hannu?"

"Na dama. Ga bakin ɗinkin nan a waje."

Kaka ta duba. Haka yake. Ita da ba a taɓa dawo mata da ɗinki an ce ta gyara ba, ita da telolin layin suke turo mata wuyan rigar da ya gagare su, ta haɗa hannu a baibai kamar 'yar koyo, a gaban suruka. Kunya da haushi suka taso mata tare, ba ta tsaya auna komai ba.

"Wa ya tambaye ki, Duba-gari? Tun da kika zo shagon nan babu abin da ya tsere wa idon nan naki. Ko tara za ki ci ni?"

Shagon ya yi tsit. Ɓera ya toshe baki da ƙyalle. Kaka ta ji abin da ta faɗa bayan ya riga ya fita, ba ta yarda ta kalli kujerar ba, yarinyar take kallo.

Yarinyar ta ƙifta ido. Ta dubi uwarta, ta dubi rigar, ta dubi Kaka. Kaka ta ɗauka kuka za ta yi. Sai yarinyar ta ɗaga haɓa.

"Gara ni ina gani," ta ce. "Tela Baibai."

Maigida ne ya fara faɗuwa ƙasa. Ɓera ya bi shi, Tulu ta kama dariya ba ta san dalili ba. Kaka ta ji sunan ya sauka daidai inda ya fi mata ciwo, ta kuma gane da jin farko cewa irin wanda yake zama ne, don ita ma da ita ce za ta raɗa da haka za ta raɗa shi.

"Ni kike ce wa haka? A shagona?"

"Tela Baibai," yarinyar ta maimaita, yanzu da dukan haƙoranta a waje.

"Na'am," in ji Kaka. Ta cilla mata rigar da reza. "Tunda ke kika gani, ke za ki farke. Zauna can ƙasa cikin 'yan'uwanki, kuma in kika huda wa mutum riga sai na sayar da ke na biya."

Yarinyar ta ture Ɓera da gwiwa ta samu wuri ta zauna. Sai a lokacin Kaka ta saci kallon kujerar. Surukar ta juya fuska wajen titi tana goge ido da bakin mayafi, kafaɗunta suna girgiza, ba a gane ko kuka ne ko dariya. Ba ta tashi ba har aka yanka burodi, aka miƙa wa Duba-gari nata a hannu aka ce mata mayunwaciya.

Sunan kuwa bai tsaya a shago ba. Ɓera ya kai wa mai gyaran takalma, shi kuma da ma neman abin ramuwa yake, ya raba wa layin kyauta. Kafin wata ya ƙare mai kayan wuta da shi yake gaishe ta. Duk ranar da surukar ta biyo ɗaukar 'yarta ta ji an faɗa daga tsallaken titi, sai ta dubi Kaka ta ce, "Mama, na gaya miki yana bin mutum." Kaka ta kan ce ta sani, ta amsa wa mai kiran da ƙarfi yadda kowa zai ji. Yana yi mata zafi, ba ta ɓoye wa kanta ba, musamman idan wani telan ne ya faɗa.

Wata rana wata mata da ba ta taɓa zuwa ba ta tsaya a ƙofa da yadi a leda, tana ɗari-ɗari.

"Don Allah nan ne shagon Tela Baibai? An ce mini ta iya ɗinki, amma sunan ya ba ni tsoro."

"Nan ne. Shigo ki zauna, ga kujera."

Matar ta zauna tana dube-dube, ta ga rigunan da ke rataye, ta shafa wuyan ɗaya, hankalinta ya kwanta.

"Ikon Allah. Mai wannan hannun aka sa wa wannan suna? Wane mara kunyar ne ya yi miki haka, Mama?"

Kaka ta nuna ƙasa da almakashi, inda Duba-gari take kwance rub da ciki tana gardama da Ɓera a kan maɓalli.

"Ga ta can. Jikata ce," ta ce. "Bakina ta ɗauko."